Gargaɗi: mai sayar da "ma'aurata" da ƙwan kifin goge gilashi ya damfare ni

Assalamu alaikum. Masu ajiye kifin ado a gida, musamman na Kano da Kaduna da Abuja, akwai wani mutum da ke tallar kifin nan mai gashin hanci a WhatsApp da Facebook, wanda masu sayarwa ke rubuta sunansa Bristlenose, masana kuma ke kira Ancistrus. Ya ci mini naira dubu 45, kuma na samu mutum biyu da ya yi wa irin haka. Ba zan kama suna ba, domin sunan da yake amfani da shi yana canzawa kamar riga. Salon damfarar ne ba ya canzawa.

Bidiyo yake fara turowa: namiji a cikin bututu yana kaɗa fiffike a kan dunƙulen ƙwai ruwan lemo. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan ma'aurata ne, sun riga sun saba, duk wata za su ba ka 'ya'ya dubu biyu." A nan ya kamata in farka. Na taɓa kiwon tarwaɗa a bayan gida, na san uwa ɗaya idan aka yi mata allura tana ba da ƙwai dubbai masu yawa, su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya. Da wannan lissafin ya kama ni. Amma wannan kifin na kogunan Kudancin Amurka ne, ba tarwaɗar mu ba ce, ko da yake dangi ne na nesa. Macen takan zuba ƙwai daga kamar 20 zuwa 200 a lokaci guda, kuma ƙaramar uwa ba ta kusantar 200 ɗin. Ba a yi musu allura. Dubu biyu ƙarya ce tsagwaronta.

Na tura kuɗin kifi biyu da dunƙulen ƙwai guda, wai kyauta-kyauta ya rage mini. Aka ba direba saƙon, na je tasha na karɓa bayan kwana ɗaya da rabi.

Ƙwan tukuna. Sun iso a leda, fari fat, da fumfuna kamar auduga. Da na kira shi sai ya ce ruwan gidana ne ba shi da kyau, alhali ko ledar ban kwance ba. Daga baya na fahimci cewa sayar da ƙwan wannan kifin a hanya kusan sayar da gawa ne. A wurinsu uba ne mai reno. Shi ke zaɓen kogo ya share shi, mace ta shiga ta manna ƙwanta a bango ta fita, shi kuma ya tare ƙofar da jikinsa. Dare da rana yana kaɗa musu ruwa da fiffike don iska ta ratsa dunƙulen, yana tsince wanda ya lalace da bakinsa kafin ya ɓata sauran, abinci ma da ƙyar yake fita ya ci. Haka zai yi har su ƙyanƙyashe, galibi tsakanin kwana 4 zuwa 10 gwargwadon ɗumin ruwa, sannan 'ya'yan su ƙara 'yan kwanaki a kogon suna rayuwa da kwanduwar da ke manne a cikinsu. To ka raba ƙwai da wannan uban, ka ɗaure a leda, ka jefa bayan mota a zafin Afrilu. Kifin da ke son ruwa mai ɗumin digiri 23 zuwa 27. Ko masu kiwo na gaske, idan uba ya harbo dunƙulen waje bisa kuskure, sai sun sa shi a ƙaramin mazubi kusa da injin iska, wasu su ɗiga maganin shuɗin nan metilin bulu, kuma duk da haka ana asarar wasu.

Kifin biyu kuwa sun iso da rai, shi ya sa na yi haƙuri. Ƙanana ne, ba su wuce santimita 4 ba. Na tambaye shi ina gashin hancin, ya ce, "Yallaɓai, gajiyar hanya ce, zai fito." Gaskiyar ita ce a wannan girman ba wanda zai iya rantse maka cewa wannan namiji ne, wancan mace. Sai sun yi watanni, sun kusa balaga, tsiron ke fitowa. Na namiji dogo ne, yana hawa har tsakiyar kai, wani lokacin ya yi rassa. Na mace in akwai shi, gajere ne a gefen leɓe kawai. Duk wanda ya sayar maka da 'yan ƙanana da sunan ma'aurata, caca ya sayar maka.

Ni nawa ma ya wuce caca. Na yi musu duk abin da ake yi: guntun itace da suke gurza, bututun roba mai rufaffen ƙarshe a matsayin kogo, yankan kokwamba da dare. Ina canza wani ɓangare na ruwan da mai ɗan sanyi, domin hakan kan sa su ɗauka damina ta faɗi su yi ƙwai. Har ƙaramin injin iska mai batir na saya saboda ɗauke wuta (wanda duk ya ajiye kifi a garin nan ya san abin da nake nufi). Wata shida, babu gashi, babu ƙwai, sai girma kamar ana hura su. Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya zo gidana, ya duƙa ya dube su, ya ce, "Ɗana, ƙirga ƙasusuwan fiffiken bayansa." Na ƙirga sha biyu. Ya ce na mai gashin hanci bakwai ne zuwa takwas, goma zuwa sama kuwa babban fileko ne, wato wani jinsin kifin goge gilashi daban, wanda ke kaiwa santimita 30 har fiye, alhali wanda na biya kuɗinsa da wuya ya wuce 13 zuwa 15. Babban kuma a ramin laka na gaɓar kogi yake ƙwai, ba a akwatin gilashin falo ba. Suna ƙanana kamarsu ɗaya, kuma babban ya fi araha nesa ba kusa ba. Ribar mutumin ke nan.

Da na tura masa hoton fiffiken, ya karanta, ya toshe lambata. Sunan da ke kan asusun da na tura kuɗi ma daban yake da wanda ya gaya mini. Na gani tun a lokacin, na kau da kai saboda zumuɗi.

Wanda ke son kiwon kifin nan, ya je da ƙafarsa ya ga manya, ya ga gashin da idonsa, ko ya sayi ƙanana biyar ko shida a farashin ƙanana ya rene su, galibi cikinsu za a samu namiji da mace. In dole sai ta waya, a ce wa mai sayarwar ya kira ta bidiyo kai tsaye, ya nuna kifin da takarda mai ɗauke da sunanka da kwanan wata. Nawa mutumin kullum cewa yake intanet ɗinsa ba ƙarfi.

Makon jiya wani aboki ya turo mini talla daga sabuwar lamba, da sabon suna, yanzu wai daga Abuja. Bidiyon nan ne dai: bututu ruwan toka, da shuɗin bokiti a gefen hagu. Ya ƙara farashin ƙwan.