Helldivers 2: gem ɗin da harsashin abokinka ma yana kama ka

Masu tambayata wane gem na harbi zasu saya a PS5 ko kwamfuta wanda ba Call of Duty ba, amsata ɗaya ce har yanzu, Helldivers 2. Kamfanin Arrowhead na ƙasar Suwidin ne suka haɗa shi, Sony ta fito dashi 8 ga Fabrairun 2024 a kan dala 40, sannan a Agustan 2025 ya shiga Xbox. Masu PS4 kam sai haƙuri, ba a yi musu ba.

Labarin bashi da wani tsawo. Kai soja ne na gwamnatin da ta haɗe duniya gaba ɗaya, ana ce mata Super Earth, daga kumbonku ake cusa ka cikin wani tulun ƙarfe a cillo ka kan wata duniyar, ka fito ka fara aiki. Abokan gaba kala uku ne, akwai manyan ƙwari Terminids, akwai mutum-mutumin ƙarfe Automatons masu bindiga da tankoki, sai Illuminate da aka ƙaro a Disamban 2024. Kana kallon sojanka ne ta baya, ta saman kafaɗarsa, alkyabbarsa na kaɗawa, kuma wlh wannan kallon yana da amfani sosai domin kana ganin abin da ke zagayowa ta gefe, in kuma kana son saiti mai kyau sai ka shiga cikin madubin bindigar.

To abin da ya riƙe ni a gem ɗinnan shine kai ba wani gwarzo bane a ciki. Mutuwa ba wuya. Ku huɗu ake turawa, ana baku damar dawowa sau 20 ku duka, kuma in ka faɗi ba kai zaka dawo da kanka ba, sai ɗan uwanka ya kira ka. Sannan komai naku yana kama ku, harsashin abokinka, bom ɗinsa, nakiyar da ya binne, bindigar nan mai harbi da kanta da ya dasa a bayanka, har tulun da ake cillo mutum a ciki in ya faɗo maka a ka shikenan. Kuma babu inda zaka je ka kashe wannan tsarin. Mutane dayawa suna jin haka sai suce ai wannan wahala ce, ni kuma ina ganin nan duk daɗin yake, sbd shi ke sa dole ka kula da inda ƴan uwanka suke tsaye kafin ka danna, dole ka buɗe baki kace "ku matsa zan jefa", dole ka saurari wani. Da zarar mutum huɗu sun fara magana da juna haka sai kaga gem ɗin ya koma wani abu daban.

Kiran taimako daga sama ma sai da suka sa masa ƙa'ida. Ba maɓalli ɗaya zaka taɓa ba, lamba ce zaka danna da kibiyoyin pad, sannan ka jefa wani ɗan ƙwallo inda kake so taimakon ya sauka. Dawo da wanda ya mutu sama, ƙasa, dama, hagu, sama. Babban bom mai kilo 500 sama, dama, ƙasa, ƙasa, ƙasa. A zaune lafiya ba komai bane, amma ka gwada dannawa Charger, wani ƙaton ƙwaro mai sulke, na bin ka a guje hannunka na rawa, ka kuskure ɗaya ka sake daga farko, in kuma wani abu ya bangaje ka bayan ka gama dannawa ƙwallon ya suɓuce daga hannunka to a nan gabanku wutar zata sauka. Ko canza harsashi akwai lissafi, in ka cire gidan harsashi da saura a ciki ka yi asararsu kenan. Akwai manyan bindigogi irin Recoilless da mutum ɗaya ke harbi ɗayan na goye da harsashin yana ɗura masa, saurin ya ninka. In ƙafarka ta ji ciwo ɗingishi zaka yi har sai ka soka allura.

Ƙarshen aiki shine wajen da zuciya ke bugawa. Kun gama, kun kira jirgin da zai ɗauke ku, Pelican, sai ace ku jira minti biyu, kuma a minti biyun nan duk wani abu mai rai a wajen kanku zai yo. Kayan da kuka tsinto a hanya in mai riƙe dasu ya mutu suna zubewa ne a inda ya faɗi, sai wani ya yi kasada ya koma ya kwaso, kuma in an fita dasu kowa ya samu, ba na mutum ɗaya bane.

Sai kuma yaƙin gaba ɗaya, wanda gaskiya ban ga wani gem ya yi shi da kyau haka ba. Taswira ɗaya ce ga kowa a duniya, duk aikin da kuka gama yana ƙara ɗan wani abu wajen ƙwato wata duniya, kuma akwai ma'aikacin kamfanin, Joel, da ke juya yaƙin yana buɗe sabon fage yana aiko da hari. Malevelon Creek, wani daji mai duhu cike da Automatons, mutane suka nace masa suna mutuwa a ciki makonni har aka ƙwato shi farkon Afrilun 2024, kamfanin ya rabawa kowa alkyabba ta tunawa. A Yunin shekarar aka ba ƴan wasa zaɓi, ko su je su samo sabuwar nakiya mai fasa tanka ko su ceci wani asibitin yara na cikin gem ɗin a duniyar Vernen Wells, jama'a suka bar makamin suka tafi wajen yaran, daga baya aka bada gudummawar kuɗi na gaske ga Save the Children saboda haka. Wannan abu ya taɓa ni sosai.

Amma fa kar kowa ya saya bai san matsalolinsa ba. Babu intanet babu gem, ko kai kaɗai zaka buga. Babu raba allo, wato irin zaman da muka saba na pad biyu a talabijin ɗaya kamar na ƙwallo a gidan gem, babu shi anan, kowa sai da na'urarsa, kuma a PS5 sai da PS Plus, rajistar Sony da ake biya, kafin ka haɗu da mutane. Babban aiki yana kai minti 40, in wuta ta ɗauke ko netwok ya yanke a minti na 35 abin da ciwo. Gem ɗin kansa yakan maƙale ko ya fita wani lokacin, kuma an yi lokacin da suka riƙa rage ƙarfin makaman da mutane ke so har aka yi ta surutu a Agustan 2024 kafin su gyara a watan da ya biyo. Ga rigimar Mayun 2024, da Sony tace dole masu kwamfuta su haɗa asusun PlayStation (PSN), aka janye gem ɗin daga Steam, shagon gem na kwamfuta, a ƙasashe sama da 170, Sony ta janye maganar asusun cikin ƴan kwanaki amma takunkumin ƙasashen ya daɗe, don haka ka duba ko yana buɗe maka a shagon kafin ka tura kuɗi. Kuma akwai jini da tsinkewar gaɓoɓi, ba na yara bane.

Wajen kuɗin ciki kam sun yi adalci. Yawanci kunshin sabbin makamai Super Credits 1000 ne, wato kuɗin cikin gem ɗin, kana iya tsintar su a fagen fama ba sai ka biya ba, kuma kunshin baya ƙarewa, duk sanda ka tara ka buɗe.

In kai kaɗai kake buga gem kuma baka son magana da kowa, inaga zaka gaji dashi da wuri, ayyukan suna maimaituwa. In kana da ko mutum biyu masu netwok mai kyau da abin magana, ku saya. Matakan wahala 10 ne, ku fara daga na 3 ko 4 a ɓangaren ƙwari, kowa ya haddace lambar dawo da ɗan uwa tukun, kuma ko yaushe a samu mutum ɗaya da ya ɗauko makamin fasa sulke kafin ku haura na 5.