Manhajar Zoom wajen duba ɗalibai masu koyon koyar da kiɗa

Tun shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu, kwalejojin horar da malamai da dama suka koma ga Zoom domin duba ɗalibansu masu koyarwar gwaji, kuma a darasin kiɗa ne rauninta ya fi fitowa fili.

An ƙera Zoom ne don magana, saboda haka takan ɗauki dogon sautin sarewa ko amon ganga a matsayin hayaniya ta danne shi, har mai dubawa ya ga yara suna busa amma ba ya jin komai sai gutsure-gutsure. Maganin wannan shi ne ɗalibin ya kunna tsarin Original Sound for Musicians kafin darasi ya fara, domin shi ne ke hana manhajar tace sautin. Idan aka haɗa da makirufo mai kyau, aka ajiye shi nesa kaɗan da ganguna, mai dubawa zai iya gane ko ɗalibin ya lura da yaron da ya kauce wa karin waƙa, ya kuma gyara masa nan take.

Abin da na fi yabawa shi ne naɗar darasin, domin ɗalibi da malaminsa za su iya komawa daidai wurin da ajin ya rikice su kalle shi tare, a natse. Sai dai kyamara ɗaya ba ta kama yaran da ke bayan aji, kuma tsarin kyauta yana yankewa bayan minti 40. Wajibi ne kuma a nemi izinin iyaye kafin a naɗi bidiyon yara.