Sharhi kan aikin wani kamfanin gyaran tsofaffin gidaje a Kano

Duk wanda ya sayi tsohon gida a Kano da niyyar gyarawa ya zuba 'yan haya, ko dai ya tara birkila da kafinta da mai aikin famfo ya tsaya a kansu da kansa, ko kuma ya danƙa aikin gaba ɗaya a hannun kamfani. Ni da 'yan'uwana mun ɗauki hanya ta biyu, muka ba wani ƙaramin kamfanin gine-gine gyaran wani gidan bulo da muka saya a Hotoro.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne injiniyansu ya ƙi yanka mana farashi sai da ya binciki ginin. Ya sa aka fasa filasta a gindin bangon falo, sai ga danshi ya hau sama da gwiwa, gishirin ƙasa kuma ya cinye bulon har yana marmashewa a hannu kamar gari, alhali daga waje sabon fenti ne mai sheƙi wanda tsohon mai gidan ya shafa kafin ya sa shi a kasuwa. Da ya leƙa saman silin kuma ya tarar gara ta gama da katakon rufin. Burinmu shi ne mu ɗora bene domin ɗakunan haya su ƙaru, amma ya faɗa mana ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa harsashin ba a yi shi don ɗaukar wannan nauyi ba, kuma ba zai sa hannunsa a aikin da zai jefa rayukan mutane cikin haɗari ba. Wannan shawara ta rage ribar da muka yi lissafi, ta kuma rage wa kamfanin kuɗin kwangila, shi ya sa na yarda da gaskiyarsa.

Sun kuma tambayi takardun gidan tun da wuri. Dokar filaye ta 1978 ta sanya filayen birni a hannun gwamnan jiha, kuma sauya mallaka yana buƙatar amincewarsa, don haka takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu ba ta wadatar ga wanda ke son wata rana ya sayar ko ya nemi rancen banki. Kamfanin ya ɗauki nauyin neman izinin hukumar tsara birane ta KNUPDA saboda bangayen da za a rushe, sai dai ya yi jinkirin kammala zanen da za a miƙa, lamarin da ya tsayar da aikin na tsawon lokaci.

Babban ƙorafina yana kan kuɗi. Mun ƙulla yarjejeniya a ƙarshen 2023, bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira, lokacin da kowane ɗan kwangila ya san kaya ba za su tsaya wuri ɗaya ba. A watan Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, kusan ninki biyu na farashin da aka yi mana lissafi da shi, rodi da kwano su ma suka bi sahu. Yarjejeniyar ta ba kamfanin damar sake farashi, kuma ban ga laifin wannan ba, amma ya kamata a ce ya shawarce mu da mu sayi rodi da kwano da tayil tun farko mu ajiye, tunda ba kaya ne masu saurin lalacewa ba. Duk da haka, duk abin da suka sayo daga kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa sun kawo rasidinsa, kuma na ga injiniyan yana auna kaurin rodi da kansa, domin akwai siriri da ake sayarwa da sunan mai milimita 12.

Aikin bulo da rufi ya yi kyau ƙwarai, amma na gamawa bai kai su ba. Sun ba wani na waje aikin tayil, shi kuma ya karkatar da daɓen banɗaki ɗaya ta yadda ruwa ke gangarowa bakin ƙofa maimakon magudana, saboda injiniyan yana zagayen ayyuka da yawa a lokaci guda. Mun riƙe wani kaso na kuɗinsu har damina ta wuce kamar yadda aka rubuta, kuma da rufin ya yi yoyo ta wajen indararo a watan Agusta sun dawo sun gyara shi tare da banɗakin ba tare da neman ƙari ba.

Zan sake ba su aiki, musamman na gini da rufi, amma da sharaɗin a sayi kayan da ke jure ajiya tun ranar farko, kuma a rubuta cewa injiniya zai tsaya da kansa a duk ranar da ake sa tayil da bututun ruwa.