Scotsport: shekara hamsin na ƙwallon Sikotland a talabijin

A fagen shirye-shiryen wasanni na yanki, da wuya a samu wanda ya kai Scotsport na tashar talabijin ta Sikotland, STV, daɗewa. An buɗe tashar a birnin Glasgo ranar 31 ga Agusta, 1957, shirin kuma ya fara fita a watan Satumba da sunan Sports Desk kafin a sauya masa suna. Bai tsaya ba sai watan Mayun 2008.

Ƙarfinsa na tare da Arthur Montford, wanda ya gabatar da shi shekara 32, har zuwa 1989, ya fito fiye da sau 2,000. An san shi da kwat mai zanen dara, amma abin da ya riƙe masu kallo shi ne yadda yake barin ƙwallo ta yi magana. Ƙungiyar Greenock Morton yake goyon baya, ba Celtic ko Rangers ba, kuma a Glasgo, garin da gabar waɗannan biyu ta raba gida biyu, wannan ba ƙaramin jari ba ne.

Aikin shekarun farko ya cancanci yabo na musamman. Da fim mai faɗin milimita 16 ake ɗaukar wasa. Nadi ɗaya mai tsawon ƙafa 400 minti 11 kacal yake ɗauka, wasa kuwa minti 90 ne, don haka dole mai kyamara ya riƙa kashewa yana kunnawa, yana hasashen inda hari zai fito. Idan aka jefa ƙwallo a raga yana tsakar sauya nadi, shi ke nan, ta wuce. Bayan an tashi sai a garzaya da fim ɗin, a wanke shi, a yanka, a haɗa kafin lokacin watsawa. Abin da ya sa tsofaffin hotunan suke tsalle daga wannan hari zuwa wancan ke nan, ga duhun yammacin hunturu da ke ƙara dusashe su. Duk da haka suna da daɗin kallo.

Inda shirin ya yi tuntuɓe shi ne gyaran 2004. An mayar da shi daren Litinin, aka cika ɗakin watsawa da 'yan kallo, aka ƙara barkwanci da hira. Wasan Asabar ya riga ya kwana biyu, mai kallo ya san sakamako, abin da ya rage masa shi ne ya ga ƙwallayen da sharhi mai ma'ana, sai ga shi an cinye mintunan da surutu. Masoya sun koka sosai, kuma da gaskiyarsu. A 2006 Grant Stott da tsohon ɗan wasan Celtic Andy Walker suka karɓa, abin ya ɗan daidaita.

Amma ba wannan ne ya kashe shi ba. A 2008 BBC ta samu haƙƙin nuna muhimman sassan wasannin babbar gasar Sikotland, shirinta na Sportscene, abokin hamayyar Scotsport, wanda ya fara a 1975, ya ci gaba da nunawa, STV kuwa ta rufe shirin.