Filin Ƙwallo Mai Ciyawar Roba a Wata Kwaleji a Gusau

Na shafe wata 3 ina zuwa wani filin ƙwallo mai ciyawar roba da ke cikin harabar wata kwaleji a Gusau, duk ranar Asabar bayan sallar La'asar, ni da abokan aikina. Wani ɗan kasuwa ne ya zuba jarinsa ya gyara wurin, bisa yarjejeniyar cewa shi zai riƙa karɓar kuɗin haya na wasu shekaru, makarantar kuma ta ci gaba da mallakar filinta. Duk wanda ya san wurin a da zai tuna cewa da damina taɓo ne, da rani kuma ƙura da ƙaya, turakun gola ma ba su da raga.

Aikin ya yi kyau, wannan babu ja. Ciyawar tana da laushi, ƙwallo tana tafiya yadda aka buga ta, an kuma kewaye filin da doguwar waya don kada ƙwallo ta faɗa ɗakunan kwanan ɗalibai. Fitilun na sola ne, saboda haka ko an ɗauke wuta wasa ba ya tsayawa. Akwai tankin ruwa da butoci da tabarmi, idan an kira Magariba sai a yi jam'i a gefe. Muna biyan naira 15,000 a awa ɗaya, mu 12 muke haɗawa, kuma ana kama lokaci ta WhatsApp. Banɗaki ɗaya ne kacal, bai wadatar ba, sannan ƙananan ƙwayoyin baƙar robar nan suna cika takalmi har sai an je gida an kakkaɓe.

Abin da ya tsaya mini a rai wani abu ne daban. Wata Asabar muka tarar da 'yan wasan makarantar zaune a bayan waya, takalmansu rataye a wuya, suna kallonmu mu da tumbi ya fara yi wa nauyi muna haki. Na tambayi yaron da ke kula da wurin dalili, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, lokacinsu daga ƙarfe 12 ne zuwa 2, yamma ta masu biya ce." Wanda ya san ranar Gusau a watan Afrilu ya san abin da roba ke zama da tsakar rana, mutum yana jin zafin ta cikin takalminsa. Kuma waɗannan yaran ne ake sa ran za su wakilci makarantar idan gasa ta zo.

Ban ga laifin mai jarin sosai ba, domin ba sadaka ya zo yi ba, kuma yamma ce kasuwarsa. Laifin na waɗanda suka sa hannu a takarda ne ba tare da sun ware wa ɗalibansu ko da yammaci 2 a mako ba. A Amurka ma ana ta muhawara kan shigar 'yan kasuwa cikin wasannin ɗalibai. A watan Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun wata shari'a da ya ba jami'o'i damar raba wa 'yan wasansu kuɗi, kowace jami'a har kusan dala miliyan 20.5 a shekara, nauyin da ya sa wasu suka fara neman 'yan kasuwa. A Disambar shekarar jami'ar Utah ta amince da haɗa hannu da kamfanin zuba jari na Otro Capital, alhali jami'ar Michigan ta ƙi goyon bayan irin wannan ciniki a rukunin wasannin jami'o'in da take ciki, wato Big Ten. Ko ba komai, can wani kaso na kuɗin yana shiga aljihun ɗalibin da ke zubar da gumi. A nan gida kuwa, gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu (HiFL) da aka fara a 2018 da haɗin gwiwar ƙungiyar wasannin jami'o'in Nijeriya (NUGA) ta nuna cewa kuɗin kamfanoni na iya ɗaga wasan ɗalibai idan an tsara da su a zuciya.

Ga mai neman wurin motsa jiki da yamma, filin ya cancanci kuɗinsa, sai dai a kama lokaci tun ranar Alhamis domin Asabar tana cika da wuri. Mu dai mun yanke shawarar bar wa yaran rabin awar ƙarshe na lokacinmu, kuma mai kula da wurin bai hana ba.