GARGAƊI: Yuro 480 na tura masa, ko bangon littafin ban gani ba

Jama'a, an cuce ni. Sati uku ina ɓoyewa saboda kunya, yau na ce gara in faɗa. Yuro 480. Ku sake karantawa, yuro 480, a kan littafi ɗaya.

Waɗanda suka san ni sun san shekara goma sha ɗaya ke nan ina tara tsofaffin takubba da littattafan da ke bayanin tambarin maƙeran Jamus. Abin ya faro ne daga takobin kakanmu, wanda ke da jinjirin wata biyu a ruwansa da wata dabba da ta kusa gogewa. Tun 1851 da Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya shigo Kano ya tarar ana kawo ruwan takobi daga Solingen, garin maƙera a Jamus, a nan ake sa masa ƙota da kube. To ni ba baƙo ba ne a harkar nan. A tambarin kamfanonin Solingen, na san tambarin tagwaye na Henckels tun 1731 aka yi masa rajista, na san kuregen Eickhorn, na san kan sarki na Weyersberg da kwalkwalin Kirschbaum da kamfanoninsu suka haɗe a 1883. Kada wani ya zo yana ce min ban yi bincike ba.

Mutumin nan a Facebook ya same ni. Ya ce mahaifinsa ya rasu ya bar masa tsohon kundin tambarin maƙeran Solingen, bugun da ya daɗe da ƙarewa a kasuwa, shi kuma bai san darajarsa ba. Yuro 420. Na ce ya ɗauko min hoton shafin da ke da kyarkeci mai gudu, tambarin da asalinsa na maƙeran garin Passau ne kafin maƙeran Solingen su ɗauka. Ko minti goma ba a yi ba sai ga hoto. Takarda ta yi ja don tsufa, kusurwar shafin a naɗe, ga babban yatsansa a gefe yana danne da shi, har da ɗan baƙi a farcen. Wallahi yatsan nan ne ya ci ni. Na ce wanda bai riƙe littafi a hannu ba ina zai samo wannan? Har yanzu in na kwanta yatsan nake gani.

Kafin nan ma, a'a, bayan nan ne, ranar Talata, ya kira ni da murya, yana ta "ɗan'uwa, ɗan'uwa", har yana tambayar lafiyar iyali. Ƙanena da ke Hamburg shi ya tura kuɗin ta PayPal. Ya ce min, "Yaya, mutumin nan ya dage sai dai a tura ta hanyar 'yan'uwa da abokai, kuma in ta nan ne babu kariyar mai saye." Na ce masa tura kawai, na san abin da nake yi. Ni da bakina na faɗa. Yuro 420 suka tafi. Kwana biyu mutumin ya dawo wai inshora da kuɗin aikawa, yuro 60. Na sake cewa a tura. Ga 480 ɗin.

Lambar bin diddigin kaya da ya bayar ta gaske ce, shi ya sa na yi kwana tara ina dubawa kamar mai jiran haihuwa. Ashe ta wani ƙunshi ce da aka kai wani gari daban tun kafin mu fara magana. Da ƙanena ya saka hoton a injin bincike, sai ga shi a shafin wani gwanjo da aka rufe tuntuni. Shafi ɗaya, naɗi ɗaya, yatsa ɗaya. Ashe yatsan ma ba nasa ba ne! Da na tura masa, ya karanta, ya toshe ni.

In za ku saya, ku sa a buɗe littafin a kiran bidiyo, ku faɗi shafin da kanku, kuma kada ku biya ta hanyar abokai.

Hotunan hirarmu da rasit biyun suna wayata, da daddare zan ɗora bayan na rufe sunan ƙanena. Shi ko har yau bai ce min komai ba, kuɗinsa ma bai tambaya ba, kuma ni zan biya shi yuro 480 ɗin nan.