Tablon ya tsage: shimfiɗa, ciko ko tashlih?

Ɗan'uwa, ka ce tablon ɗin Corolla ɗinka, wato dashbod ɗin gaban mota, ya tsage daga gindin gilashi har kusa da bakin AC, kuma kana neman gyaran da ba zai cinye maka albashi ba. Ni ma na sha wannan a Makka, bari in gaya maka abin da na gani da idona.

Fatar saman tablon roba ce da aka shimfiɗa a kan soso. Akwai wani mai a cikinta da ke sa ta laushi, rana kuwa tana ƙone shi a hankali har robar ta bushe kamar ganda. A garin da zafi ke haura 45 lokacin bazara, tablon ɗin motar da aka bari a rana yana iya wuce 70. Shi ya sa ba na ba ciko ƙarfi sosai. Ka cike wannan tsagar, robar da ke gefenta ma ta riga ta mutu, gobe ita ce za ta buɗe. Nawa na cike shi da hannuna: na yanke leɓen tsagar da ya ɗago da reza, na goge da sabulu, na zuba maganin ciko na roba, na fesa fenti. Ya yi kyau har sai da bazara ta dawo, sai ga sabuwar tsaga ta fito yatsa biyu daga tsohuwar. In tsagar ƙarama ce, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ciko zai riƙe ta, musamman in ka huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshenta don kada ta ci gaba. Amma don Allah kada ka ɗiga mata sufa gulu. Yana barin farin tabo, yana ƙanƙarewa, zafi na bugawa ya sake ɓallewa.

Shimfiɗar tablon da ake sayarwa a shagunan kayan adon mota, ita nake ba ka shawara. Ba ta gyara komai, rufewa take yi, amma tana tare ranar da ke ƙara tsagar, kuma kuɗinta bai kai na cika tanki ba. Ka nemi wadda aka yanka daidai da samfurin motarka da shekararta, don ramukan iska na gindin gilashi su kasance a buɗe. Ka ɗauki mai duhu marar sheƙi. Na taɓa sa mai haske, da azahar a hanyar Jidda sai hotonta ya cika gilashi, ina ta ƙifta ido ina neman layin titi. Ka kuma duba bayanta, in babu robar da ke hana zamewa, kullum sai ta zamo maka kan sitiyari.

Abin da ya fi damuna shi ne jakar iska ta ɓangaren fasinja, wadda ke kare mutum in an yi hatsari. Ta cikin tablon take fashewa ta fito. Duk abin da za ka ɗora, shimfiɗa ce ko murfin roba mai tauri da ake mannawa da silikon, ko sabuwar fatar da masu tanjid, wato masu ɗinkin kujeru da rufin cikin mota, ke jawa a sina'iyya, unguwar makanikai, ka tambaya ko an bar wa jakar hanya. In mai shago ya ce ba komai, ka ɗauki motarka ka tafi. Wurin nan iyalinka ke zama. Aikin tanjid in an samu gwani shi ya fi kyan gani, sai dai sai an kwance tablon gaba ɗaya, kuma bayan an mayar wani lokaci ƙara takan biyo baya.

A tashlih, wato inda ake kwance matattun motoci ana sayar da kayansu, irin na Ha'ir a Riyad, za ka samu tablon na asali. Amma shi ma ranar ƙasar nan ya sha, ga kuɗin kwancewa da ɗaurawa. Ka danna shi da babban yatsa kafin ka biya, in ya yi tauri ka bar musu.

Tsaga mai tsawo irin taka, ka yanke leɓenta ya kwanta, ka rufe da shimfiɗa, ka riƙa sa shamsiyya, wato abin tare rana, a gilashi duk inda ka faka. In ranar sayarwa ta zo, ka ɗaga shimfiɗar ka nuna wa mai saye.